Tarihin Gasar Ƙwallon Samari ta Biyarejo

A bakin Bahar Rum, ta gefen yammacin ƙasar Italiya, cikin yankin da a ke kira Tuskani, akwai wani gari wai shi Biyarejo, wanda mutanen ƙasar su ke rubuta sunansa Viareggio. Ba wani babban birni ba ne, gama mutanensa ba su wuce kamar 60,000 ba, tsakaninsa da birnin Pisa kuwa bai kai mil 15 ba. Sana'ar mutanen garin ita ce kamun kifi da ƙera jiragen ruwa, da kuma saukad da baƙi masu zuwa shan iska a bakin teku lokacin zafi.

To, duk da ƙanƙantar garin nan, in aka ambaci sunansa a gaban ma'abota wasan ƙwallon ƙafa, tun daga Turai har Amurka ta Kudu, nan da nan za su gane, domin a nan ne a ke yin wata gasa ta samari wadda aka fara tun cikin shekarar 1949. Gasar ta kulob-kulob ce, watau kowace ƙungiya ta kan aiko da yaran da ta ke reno a makarantarta ta koyon ƙwallo, su zo su gwada ƙwanji da takwarorinsu na wasu ƙasashe. Cikin watan Fabrairu na 2024 wasu samarin Nijeriya suka ɗauko kofin gasar, bayan shekara 75 da kafa ta. Saboda haka ya kamata mai karatu ya san asalinta, da amfanin da ta yi wa mutane, da kuma ramin da ke gefen hanyar zuwa gare ta.

Biki da Yaƙi

Tun kafin a san Biyarejo da ƙwallo, an san shi da wani biki da a ke kira Karnabal. Shi wannan biki Kiristocin Turai su kan yi shi gab da shiga azuminsu na kwana 40, a ci, a sha, a yi raha, kafin lokacin kame baki ya zo. An fara yinsa a garin cikin 1873. Gwanayen garin su kan ƙera manya-manyan mutum-mutumi da takarda da gam, waɗansu tsayinsu ya fi na bene, a ɗora su bisa kekuna a yi ta zagawa da su kan titin bakin teku. Yawancinsu siffar shugabanni ne da manyan mutane, a yi masu ƙaton hanci ko ƙaton ciki don ba'a, kamar dai yadda 'yan tashe su kan kwaikwayi dattawa cikin watan azumi ba wanda zai yi fushi. Cikin 1931 aka fito da hoton wani ɗan kama mai jan tufafi da fari, wanda wani mai zane Uberto Bonetti ya zana, aka sa masa suna Burlamacco, ya zama shi ne tambarin bikin. Siffarsa ce a ke ɗorawa a kan kofin gasar ƙwallon.

Sa'ad da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, sai biki ya tsaya. Italiya ta shiga yaƙin cikin Yuni na 1940 a gefen Jamus, har sojan Nijeriya suka kara da nata sojan a ƙasar Somaliya da Habasha cikin 1941. Cikin Satumba na 1943 Gwamnatin Italiya ta ajiye makamai, Jamusawa kuwa suka mamaye arewacin ƙasar, suka kafa kagara tun daga wannan teku har wancan, wadda ta bi ta duwatsun da ke bayan Biyarejo. Jiragen sama suka yi ta zubo wa garin bom, aka kori mutane daga gidajensu. Ran 12 ga Agusta, 1944, sojan Jamus suka hau wani ƙauye na kan dutse kusa da garin, mai suna Sant'Anna di Stazzema, suka kashe mutum wajen 560, yawancinsu mata da yara da tsofaffi. Sai cikin Satumba na wannan shekara aka fid da Jamusawa daga Biyarejo.

Da aka gama yaƙi mutane suka komo suka tarad da kango. Amma cikin 1946 suka tayad da bikinsu. Yaran da suka tashi cikin wannan zamani sun san ƙarar bindiga da yunwa fiye da yadda suka san makaranta, manya kuwa suna neman abin da zai ɗebe masu kewa, ya kuma raba su da yawon banza.

Yadda Aka Fara

Cikin 1947 waɗansu mutanen garin suka kafa wata ƙungiya mai suna Centro Giovani Calciatori, watau Cibiyar Samari 'Yan Ƙwallo. Babba daga cikinsu shi ne Torquato Bresciani, wanda a ke ɗauka shi ne uban gasar. Lokacin bikin 1948 suka shirya 'yar ƙaramar gasa tsakanin samarin garin kawai, ƙungiyoyin ma sunayen gidajen shan kofi na unguwanni suka ɗauka, inda samari su kan taru da maraice. Da suka ga yadda jama'a ta yi ɗoki, sai suka ce baɗi a gayyato baƙi.

Haka kuwa aka yi. Cikin Fabrairu na 1949 ƙungiyoyi 10 suka hallara, har da na Faransa da na Suwizalan. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, in an tuna cewa shekara tara kafin nan Italiya ta kai wa Faransa yaƙi. Samarin Milan suka ci na Lazio 5 da 1 a wasan ƙarshe, suka zama na farko da aka rubuta sunansu. Aka sa wa gasar suna Coppa Carnevale, watau Kofin Karnabal, sunan da har yanzu tsofaffin garin su ke kiranta da shi.

Ba a yi wata uku da wannan ba sai wata babbar masifa ta auka wa ƙwallon Italiya. A zamanin nan babu ƙungiyar da ta kai Torino ta birnin Turin. Ta ci gasar ƙasar sau huɗu a jere, har akwai ranar da Italiya ta kara da Hangare cikin 1947, 'yan wasa 10 daga cikin 11 'yan Torino ne. Ran 4 ga Mayu, 1949, suna komowa daga Lisbon, jirgin saman da ya ɗauko su ya shiga hazo, ya daki bangon wani coci da ke bisa dutsen Superga. Mutum 31 da ke ciki duka suka rasu, 18 daga cikinsu 'yan wasa ne. Saura wasa huɗu a gama gasar shekarar. Sai Torino ta fito da yaranta na makaranta suka yi wasannin, abokan karawarta su ma suka fito da nasu yaran don girmamawa.

Italiya, wadda ta ci Kofin Duniya cikin 1934 da 1938, ta daɗe ba ta farfaɗo ba. An fid da ita tun zagayen farko cikin 1950, cikin 1958 kuwa ko zuwa ba ta samu yi ba. Duk mai hankali ya ga cewa ƙungiyar da ba ta da yara a baya, rana ɗaya ta ke iya wayi gari ba ta da kowa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Manyan kulob suka mai da hankali ga renon samari, gasar Biyarejo kuwa ta zama wurin da a ke zuwa kowace shekara a ga abin da kowa ya shuka. Cikin shekara 12 na farko Milan kaɗai ta ci kofin sau shida.

Baƙi Daga Gabas

Bayan yaƙi Turai ta rabu biyu, Gabas ta 'yan gurguzu, Yamma kuma ta Amurka da abokanta, shiga da fita tsakaninsu sai da wahala mai yawa. Duk da haka masu shirya gasar ba su rufe ƙofa ba. Baƙi na farko da suka ci kofin su ne samarin Partizan na Belgired, babban birnin Yugoslabiya, cikin 1951. A lokacin nan kuwa Italiya da Yugoslabiya suna cikin jayayya mai zafi a kan birnin Tiriyeste, kowa na cewa nasa ne, ba a sasanta ba sai 1954. Ga Gwamnatoci suna zage-zage a jaridu, ga kuma yaran Yugoslabiya sun karɓi kofi a tsakiyar Italiya sun koma gida lafiya.

Cikin 1956 wata ƙungiya ta birnin Purag na Cekoslobakiya ta ci. Amma baƙin da suka fi kowa suna a tarihin gasar su ne Dukla, ita ma ta Purag, wadda ta ke ƙungiyar sojan ƙasar ce. Da ya ke dokar ƙasarsu ta tilasta wa kowane saurayi yin aikin soja, Dukla ta kan sami zaɓen gwanaye daga ko'ina, ta ba su horo irin na bariki. Ta ci kofin sau shida, cikin 1964, 1968, 1970, 1972, 1976 da 1980. Samarin da suka yi murna a Biyarejo farkon 1968, kafin shekarar ta ƙare sun ga tankokin yaƙi na Rasha a titunan garinsu, domin cikin Agusta aka mamaye ƙasar. Da Yugoslabiya da Cekoslobakiya duk sun wargaje yanzu, sunayensu sai a littafin tarihi da kuma jerin waɗanda suka ci kofin nan.

Yadda A Ke Gudanad da Gasar

Gasar ta kan ɗauki kamar mako biyu, galibi cikin Fabrairu ko Maris. Masu shiryawa ne su ke gayyatar ƙungiyoyi. A kan raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni ƙungiya huɗu, kowa ya kara da kowa. Waɗanda suka fi maki su wuce, daga nan sai sili ɗaya ƙwale, wanda aka ci ya ɗaure kayansa. Da ya ke fili ɗaya ba zai ɗauki wasannin duka ba, a kan rarraba su cikin ƙananan garuruwan yankin, ta haka mutanen ƙauye su kan ga samarin Juventus ko na Birazil a ƙofar gidansu. Ranar buɗewa a kan gayyato wani shahararren ɗan wasa ya karanta rantsuwa a madadin yaran, cewa za su yi wasa da gaskiya da ladabi. Wasan ƙarshe kuwa bisa al'ada ran Litinin a ke yinsa. Cikin 1959 aka buɗe babban filin garin a tsakiyar kurmin itatuwan da ke bakin teku, aka kira shi Stadio dei Pini, daga baya aka ƙara masa sunan Bresciani.

Shekaru da yawa ƙungiyoyi 16 su ke zuwa. Sannu a hankali aka ƙara zuwa 24, da 32, da 40, har suka kai 48 wajen shekarar 2010. An kuma yarda ƙungiya ta aro 'yan yara kaɗan daga wata. Ta haka ne wani saurayin Ajantina, Gabriel Batistuta, ya zo cikin 1989 tare da wata ƙaramar ƙungiya mai suna Deportivo Italiano. Bayan shekara biyu ya komo Tuskani ɗan wasan Fiorentina, ya zauna shekara tara, ya zama ɗaya daga cikin gwanayen da birnin bai manta da su ba.

Ban da 'yan kallo, akwai waɗansu mutane da ba su fashin zuwa. Su ne wakilan manyan kulob da dillalan 'yan wasa, waɗanda su kan zauna gefe da ɗan littafi, suna rubuta lambar yaron da ya burge su. Yaro ya san cewa mai yiwuwa cikin minti 90 ɗin nan arzikinsa ya ke, don haka wasan ya kan yi zafi fiye da yadda a ke zato ga samari.

Waɗanda Suka Fito Daga Cikinta

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a ke gane ta. Giovanni Trapattoni ya ci kofin tare da Milan cikin 1959 da 1960, daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan masu koyad da ƙwallo na Turai. Alessandro Del Piero ya ci tare da Juventus cikin 1994, Andrea Pirlo kuma tare da Brescia cikin 1996, su biyun kuwa suna cikin waɗanda suka ciwo wa Italiya Kofin Duniya cikin 2006. Obafemi Martins, haifaffen Ikko, yana cikin samarin Inter da suka ci cikin 2002. Mario Balotelli, wanda iyayensa mutanen Gana ne, ya ci tare da Inter cikin 2008, Ciro Immobile kuma ya fi kowa jefa ƙwallo a raga cikin 2010, Juventus ta ɗauki kofi.

Zuwa shekarar 2024, Milan da Juventus kowace ta ci sau tara, Inter da Fiorentina sau takwas takwas, Torino da Dukla sau shida shida. Juventus ce ta ci sau uku a jere, daga 2003 zuwa 2005. Tana neman na huɗu cikin 2006 sai wata ƙaramar ƙungiya ta ƙasar Yurugwai mai suna Juventud, daga garin Las Piedras, ta ci ta 1 da nema. Wannan ne karo na farko da kofin ya bar nahiyar Turai. Cikin 2013 Anderlecht ta Beljiyam ta ci Milan 3 da nema.

Amma fa kada mai karatu ya ruɗu da waɗannan sunaye. Kowace shekara ɗaruruwan samari su ke taka filayen nan, waɗanda a ke jin labarinsu daga baya kuwa ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Saura wani rauni ya tsai da shi, wani ya ƙare a ƙananan ƙungiyoyi, wani ya bar ƙwallo ya kama wata sana'a. Wanda ya haɗa wasa da karatu ya kan sami abin dafawa. Wanda ya jingina ga ƙafarsa kaɗai, in ta ƙi, sai ya rasa tudun dafawa yana ɗan shekara 20.

Raguwar Gasar da Zuwan Afirka

Cikin 2013 hukumar ƙwallon Turai, watau UEFA, ta kafa tata gasar ta samarin manyan kulob, wadda a ke yi tun daga kaka har bazara. Wasanni suka yi wa yaran yawa, waɗansu manyan ƙungiyoyi suka fara ba da hanzari, suka daina zuwa Biyarejo. Sa'an nan annobar korona ta zo, ba a yi gasar ba cikin 2020 da 2021, abin da bai taɓa faruwa ba tun 1949. Da aka komo cikin 2022 ƙungiyoyi 24 kaɗai suka zo, aka kuma rage shekarun 'yan wasa zuwa ƙasa da na da.

Faɗuwar wani tashin wani. Gurbin da manya suka bari, makarantun ƙwallo na Afirka suka shiga. Su waɗannan makarantu yawancinsu na 'yan kasuwa ne, su kan tattaro yara daga unguwanni, su ba su abinci da makwanci da horo, da fatan wata rana a sayad da ɗaya ko biyu ga Turai a mai da kuɗin da aka kashe. A gare su zuwa Biyarejo kamar kai kaya babbar kasuwa ne, gama mai saye ba zai zo Ikko ko Kano ya bi unguwa-unguwa ba, amma a can zai ga yaro da idonsa yana karawa da yaran Turai.

Cikin 2022 wata ƙungiyar Nijeriya mai suna Alex Transfiguration ta kai wasan ƙarshe, ta yi kunnen doki da Sassuolo ta Italiya, sai a bugun daga kai sai mai tsaron gida aka ci ta. Cikin 2024, a gasa ta 74, abin da ba a taɓa gani ba ya auku: ƙungiyoyin da suka kai wasan ƙarshe duka biyu na Afirka ne. Ɗaya Beyond Limits ce ta garin Ikenne a Jihar Ogun, mahaifar Cif Obafemi Awolowo, wadda ta ke ƙanwa ce ga kulob ɗin Remo Stars, mai su duka biyu kuwa shi ne Kunle Soname. Ɗayar kuma ta zo daga Barazabil ta ƙasar Kwango. 'Yan Ikenne suka ci 2 da nema, suka zama 'yan Afirka na farko da aka rubuta cikin jerin da ya fara da Milan. A wannan gasar dai wani saurayi haifaffen Kano, Hafiz Umar Ibrahim, wanda ya yi wa ƙungiyar Ojodu City wasa, ya jefa ƙwallo 10 a raga, ya fi kowa. Daga baya kulob ɗin Reims na Faransa ya ɗauke shi.

Kuɗi da Doka

Inda a ke cinikin 'ya'yan mutane, lalle ne a sami doka, in ba haka ba mai ƙarfi ya cinye marar ƙarfi. Cikin 2001 hukumar ƙwallo ta duniya, watau FIFA, ta kafa dokoki biyu da suka shafi wannan sha'ani. Ta farko ita ce ta ladan reno. Duk ƙungiyar da ta koyad da yaro tun daga shekara 12, tana da hakki a biya ta sa'ad da ya sa hannu a takardar aikinsa ta farko a wata ƙasa. Har wa yau, in aka sayad da shi daga wata ƙasa zuwa wata, a kan cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da ya zauna cikinsu tsakanin shekara 12 da 23. Cikin 2022 FIFA ta buɗe ofis a birnin Faris don karɓar kuɗin nan da rarraba su. Amma ba a biyan kowa da baki. Sai ƙungiyar da ta yi wa yaro rajista a hukumar ƙwallon ƙasarta, aka rubuta ranar shigarsa da ranar fitarsa, ita ce za ta ga ko kwabo. Malamin ƙwallon unguwa da ya sha rana shekara biyar yana koyad da yaro ba takarda, sai dai ya ji labarin miliyoyi a rediyo.

Doka ta biyu ta hana a ɗauki yaron da bai kai shekara 18 ba daga ƙasarsa zuwa kulob na wata ƙasa. An yi togaciya kaɗan, misali in iyayensa ne suka ƙaura saboda wani dalili da ba na ƙwallo ba, ko in yana zaune kusa da iyaka, ko kuma tsakanin ƙasashen Tarayyar Turai ga wanda ya kai 16. Dalilin dokar shi ne yawan yaran Afirka da na Amurka ta Kudu da dillalai su ke kwasowa da alkawari, in kulob bai ɗauke su ba a watsad da su a titi, ba fasfo, ba kuɗin komawa. Cikin Yuli na 2021 FIFA ta hukunta kulob ɗin Spezia, wanda garinsa ke kan gaɓar tekun nan arewa da Biyarejo, tare da waɗansu ƙananan ƙungiyoyi biyu, bisa laifin kawo yaran Nijeriya Italiya ta hanyar kauce wa dokar. Aka ci Spezia tarar faran 500,000 na Suwizalan, aka hana ta sayen 'yan wasa har kasuwa huɗu. Abin ya faru ne kafin waɗansu Amurkawa su sayi kulob ɗin a farkon wannan shekara, daga baya kuma kotun wasanni ta Lozan ta rage hukuncin.

Ban da wannan akwai 'yan damfara, waɗanda ba su da ko kulob. Su kan zo wa uba da takarda mai tambari, su ce an gayyaci ɗansa gasa a Turai, sai ya kawo kuɗin jirgi da na biza. Uba ya sayad da gona ko shanu, daga ranar ba ya ƙara ganinsu. Kulob na gaskiya in yana son yaro shi ya ke biyan kuɗin tafiyarsa, kuma ya kan bi ta hannun ƙungiyar yaron da hukumar ƙwallo ta ƙasa.

Maganar Shekaru

Saura magana ɗaya, wadda ita ce gishirin dukan gasar samari, watau gaskiyar shekarun haihuwa. In aka sa ɗan shekara 23 ya kara da ɗan 17, ƙarfi ne zai ci, kofin da aka samu ta haka kuwa bai nuna gwanintar kowa ba. Nijeriya ta yi suna ƙwarai a wasan yara, ta ci Kofin Duniya na ƙananan samari sau biyar, cikin 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015. Amma ta taɓa shan kunya. Cikin 1989 FIFA ta dakatad da ita shekara biyu daga gasar samari, domin an tarad da ranakun haihuwar waɗansu 'yan wasanta uku sun saɓa tsakanin wata gasa da wata, aka kuma karɓe gasar duniya ta 1991 da aka shirya yi a ƙasar. Tun daga gasar 2009, wadda aka yi a Nijeriya, har da filayen Kano da Kaduna da Bauci, FIFA ta shiga amfani da na'urar asibiti mai ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu, don a ga ko ƙashin ya gama haɗewa.

Na'ura dai kintace ta ke yi. Abin da ya fi ta tabbas shi ne takardar haihuwa da aka rubuta tun jariri yana cikin zanen goyo, a ofishin da ke da littafi da lamba. Uban da ya kai sunan ɗansa aka rubuta a makon suna, ya sa shi makaranta aka ajiye shaidarsa aji aji, ya ba shi abin da babu dillalin da zai iya ba shi, ko ƙwallo ya bi ko wata hanya.

Mutanen Biyarejo sun fara da samarin gidajen kofi a garin da bom ya rushe. Ba su da dukiyar Milan ko ta Turin, amma sun riƙe lokacinsu na kowace shekara, sun kuma ajiye jerin waɗanda suka zo da waɗanda suka ci tun daga 1949 ba giɓi sai na annoba, shi ya sa baƙo ya ke yarda ya ƙetaro teku ya zo. Garuruwan da ke da yara masu buga ƙwallo ba takalmi a kowane fage, in suna son 'ya'yansu su ci moriyar ƙafarsu ba tare da an cuce su ba, sai hukuma da iyaye da masu kulob su fara da rajista da makaranta, su kuma bincika kowace takardar gayyata kafin yaro ya hau jirgi. Allah ya shirya mana zuriya, amin.